Tsakanin Lynch, Cronenberg da Argento, wa ya fi iya tsorata mutum?

Tambayar da aka turo mini ita ce: "Malam, ni da abokaina mun daɗe muna musu a kan daraktocin fina-finan ban tsoro da masu kama da mafarki. Wani ya ce David Lynch, wani ya ce David Cronenberg, wani kuma ya kafe a kan Dario Argento. A ganinka wa ya fi, kuma da wane fim ya kamata mutum ya fara?"

Ƙanena, na gode da wannan tambaya. Sana'ata haɗa hoto da sauti ce, na shafe shekaru a ɗaki mai duhu da abin saurare a kunne, saboda haka amsata za ta fi karkata ga abin da kunne ke ji da abin da ido ke jira, ba ga labarin da ke kan takarda ba. Ba kuma zan yi maka kwana-kwana ba: Lynch na sa a gaba. Sai dai wanda ke biye da shi a wurina ba ya cikin ukun da kuka kawo. Wani ɗan Japan ne mai suna Kiyoshi Kurosawa. Bari in bi da kai ta hanyar da na bi har na tsaya a nan.

Musun naku ba zai ƙare ba muddin da mudu ɗaya kuke auna su. Razana daban, ƙyama daban, fargaba daban. Razana ita ce wani ya laɓe a bayan ƙofa ya daka maka tsawa, ka zabura, gabanka ya faɗi, bayan minti ɗaya kana dariya. A ɗakin haɗa sauti wannan ba wani aiki ba ne: ka janye sauti a hankali, ka bar shiru na ɗan lokaci, sannan ka saki ƙara. Ƙyama ita ce ka kau da kai, ka ture kwanon abincin da ke gabanka. Fargaba kuwa ita ce mai bin ka har makwanci. Ka gama kallo, ka fita tsakar gida za ka yi alwala, ka ji ba ka son juya wa zaure baya, alhali ka san babu kowa a ciki. Ni da wannan mudun nake awo, kuma daraktocin da suka iya cika shi ba su da yawa.

Mu fara da Argento, don shi ya fi sauƙin bayani. An haife shi a birnin Rum a 1940, ya kuma yi suna ne a wani salon fina-finan kisan gilla da mutanen Italiya ke kira giallo, ma'ana rawaya, saboda launin bangon ƙananan littattafan binciken kisa da ake sayarwa a ƙasar. Fim ɗinsa da kowa ke ambata shi ne Suspiria na 1977. Wata budurwa Ba'amurkiya ta sauka a Jamus cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, za ta shiga makarantar koyon rawa, ashe makarantar matattarar mayu ce. Labarin ke nan, babu ƙari. Launi da kiɗa ne suka riƙe fim ɗin. Za ka ga ɗaki ya rine da ja, lungu ya rine da shuɗi, ba don akwai wata fitila mai wannan launin a wurin ba, sai don haka ransa ya so. Kiɗan ƙungiyar Goblin kuma, mai ƙararrawa da raɗa da huci, yana fara cin ka tun kafin komai ya faru. Budurwar tafiya kawai take yi zuwa ƙofar fita daga filin jirgi, amma duk sanda ƙofar ta buɗe sai kiɗan ya kutso kai, ta rufe ya ɗauke. Ya kuma sa an ɗaga mariƙan ƙofofin makarantar sama da inda aka saba, don manyan 'yan mata su riƙa miƙa hannu kamar yara. Mai kallo ba zai lura ba, amma jikinsa zai ji cewa waɗannan mutanen ƙanana ne a wannan gidan.

Duk wanda ke koyon haske da kiɗa a fim, ya kamata ya san minti goma sha biyar na farkon Suspiria kamar yadda ya san hanyar gidansu. Amma iyakarsa ke nan a wurina. Mutanen Argento ba su da rai, hirarsu ba gishiri, ba ka damuwa da wanda zai mutu. Kuma yadda yake ƙawata kisan mata, ya tsaya a kai yana jan lokaci, abu ne da ya daɗe yana damuna. Daga ƙarshen shekarun 1980 aikinsa ya yi ta ja da baya.

Cronenberg wani abu ne daban, kuma abokinka da ya zaɓe shi bai yi zaɓen tumun dare ba. Ɗan Kanada ne, haifaffen Toronto a 1943, kuma da karatun kimiyya ya fara a jami'a kafin ya koma adabi. Ana ganin wannan a aikinsa. Shi ba ruwansa da fatalwa, ba ruwansa da aljani ko kangon gida. Dodonsa a cikin jikinka yake. Tambayar da yake ta yi tun daga Shivers na 1975 ita ce: in jikin da kake kira naka ya fara yin abin da ba ka sa shi ba, kai wane ne?

Ka kalli The Fly na 1986. Wani masanin kimiyya ya ƙera na'urar da ke ɗauke abu daga wannan akwati ta mayar da shi wancan cikin ƙiftawar ido. Ya gwada ta a kansa, bai san ƙuda ya shiga akwatin tare da shi ba, na'urar ta haɗe su wuri ɗaya. Daraktan da bai ƙware ba da nan take zai fito maka da mutum mai kan ƙuda. Cronenberg sai ya ja abin a hankali kamar ciwo. Da farko mutumin ƙarfi ma ya ji, yana zuba sukari a kofi ba ƙaƙƙautawa, yana ganin ya sami lafiyar da bai taɓa samu ba. Sai wasu gashi masu kauri suka fito masa a baya. Sai ranar da ya tsaya a gaban madubin banɗaki ya taɓa farcensa, farcen ya zare ya biyo hannunsa. Fuskar Jeff Goldblum, wanda ya fito a matsayin masanin, a wannan wurin ba ta dodo ba ce. Fuskar mutum ce da ya gane cewa abin da yake ta ƙaryatawa gaskiya ne. Daga baya haƙora suka zube, kunne ya faɗi, yana tattara su yana adanawa a ɗan akwatin magani na banɗaki. A gefe kuma ga matar da ke son sa, tana zuwa duba shi, tana rungumar sa alhali jikinta na ƙi.

Duk wanda ya taɓa jinyar uba ko uwa a doguwar rashin lafiya ya san wannan rungumar. Lokacin da fim ɗin ya fito mutane da yawa sun ɗauka a kan cutar ƙanjamau yake magana, shi kuwa ya ce abin da ke ransa ya fi haka faɗi: tsufa ne da ciwo, abin da ke jiran kowa. Masu kwalliyar fim ɗin sun ci kyautar Oscar, kuma sun cancanta, amma ba kwalliyar ce ke sa mutum hawaye a ƙarshe ba. Haka The Brood na 1979, wanda ya rubuta yana tsakiyar rikicin rabuwa da matarsa da jayayya a kan 'yarsu, inda fushin wata mata yake zama 'ya'ya na zahiri masu zuwa su kashe wanda ta tsana. A cikin ukun da kuka kawo, shi ya fi kowa tsari a tunani.

To me ya sa ban sa shi a gaba ba? Saboda yana ba ka dalili. Akwai na'ura, akwai ƙwayar cuta, akwai likitan da ya yi gwajin da bai kamata ba. Da zarar ka san mafarin abu, ka sami wurin tsayawa. Za ka iya ce wa kanka, ni ai ban shiga akwatin ba. Tsoron da aka san asalinsa yana da iyaka.

A nan zan ɗan ratse in ambaci John Carpenter, don ban ji daɗin rashin sa a musunku ba. Ba mai mafarki ba ne, magini ne, kuma babu wanda ya kai shi sanin inda ake ajiye kyamara. A The Thing na 1982, maza goma sha biyu ne a wani sansani a yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya, ga wata halitta mai iya ɗaukar siffar kowa a cikinsu. Akwai fitowar da aka ɗaure su, aka ɗebi jinin kowa a faranti, ana tsoma waya mai zafi a ciki ɗaya bayan ɗaya don a gane wanda ba mutum ba. Ina nuna wa masu koyon aiki wannan wurin don su ga yadda ake gina jira. Fim ɗin bai yi kasuwa ba da ya fito, sai daga baya aka san darajarsa.

Fina-finai masu kama da mafarki kuwa, tushensu ya girmi duk waɗannan. Luis Buñuel, wanda aka haifa a Sifaniya a 1900 ya rasu a Meziko a 1983, shi ne kakansu. A 1929 shi da mai zane Salvador Dalí suka yi wani gajeren fim da bai kai minti 20 ba, Un Chien Andalou, da sharaɗi ɗaya tak: duk hoton da hankali zai iya yi wa bayani, a jefar da shi. A farkonsa ne ake tsaga ido da aska (idon mataccen maraƙi aka yi amfani da shi), kuma har yau mutane na rufe fuska a wurin. Amma wanda na fi so a aikinsa shi ne The Exterminating Angel na 1962. Wasu masu hannu da shuni sun je liyafar dare a wani katafaren gida. An ci an sha, an koma falo, dare ya yi nisa, kowa na cewa bari in tafi, amma babu wanda ya tafi. Ƙofa a buɗe take, babu mai gadi, babu bango. Kawai in mutum ya zo bakin ƙofar sai ya sami dalilin komawa. Kwana ya zama kwanaki. Suka fasa bango don su kai ga bututun ruwa, suka yanka tumakin da suka shigo musu, mutunci ya zube, masu kwat da sarƙar zinariya suka koma zage-zage. Har fim ɗin ya ƙare Buñuel bai ce maka ga abin da ya tsare su ba.

Darasin da ya bari shi ne a ɗauki abin mamaki kamar ba abin mamaki ba. Babu kiɗan da zai ce maka ka ji tsoro, kyamara ba ta karkace ba, haske na yau da kullum ne. Wannan ya bambanta shi da Alejandro Jodorowsky, ɗan ƙasar Chile, wanda matasa da yawa ke ruɗuwa da shi saboda El Topo na 1970 da The Holy Mountain na 1973. Shi Jodorowsky tara abubuwan al'ajabi yake yi ɗaya a kan ɗaya har ido ya gaji, ga tsiraici, ga wasa da alamomin addini, ga dabbobin da aka halaka don a sami hoto. In komai na cikin fim baƙo ne, to babu abin da zai zama baƙo. Ba na ba kowa shawarar ya ɓata lokacinsa a can.

Yanzu mu zo kan Lynch. An haife shi a jihar Montana ta Amurka a 1946, ya rasu a Janairun 2025. Zane ya karanta a birnin Philadelphia kafin ya taɓa kyamara, kuma ya sha faɗin cewa tsoron da ya ji a unguwar da ya zauna a birnin shi ya haifi dogon fim ɗinsa na farko, Eraserhead, wanda ya ɗauke shi kusan shekara biyar kafin ya fito a 1977. Wani mutum ne a ƙuntataccen ɗaki da jariri mara siffar mutane, naɗe da bandeji, yana kuka dare da rana. Lynch ya tafi kabari bai gaya wa kowa da me aka yi jaririn ba. Abin da ya sa fim ɗin ya zama makaranta ga irinmu shi ne aikin da suka yi shi da mai haɗa sautinsa Alan Splet. Babu shiru a cikinsa ko na daƙiƙa ɗaya. Kullum akwai wani ƙugi a ƙasa, kamar injin niƙa a unguwar da ke bayan taku, ko taransifoma cikin tsakar dare. Ba ka lura da shi, amma kafaɗunka ba sa sauka.

Bari in tsaya a kan fitowa ɗaya, don ita ce hujjata. Tana cikin Mulholland Drive na 2001, kuma ba ta wuce kamar minti biyar ba. Maza biyu ne zaune a wani gidan abinci da rana tsaka, haske ko'ina, motoci na wucewa a titi. Ɗayan, abincinsa na gabansa bai taɓa ba, yana ba ɗan'uwansa labarin mafarkin da ya yi har sau biyu. A mafarkin suna cikin wannan gidan abincin, shi yana jin tsoro, ya waiga ya ga abokin nasa tsaye wajen biyan kuɗi shi ma a tsorace. Sai ya gane dalili: akwai wani mutum a bayan ginin, kuma yana iya ganin fuskarsa ta cikin bango. Ya ce fatansa kada ya taɓa ganin wannan fuskar a farke. Yana faɗa yana murmushin kunya, irin na babban mutum da ya san maganarsa ta yara ce. Abokin ya ce to mu je mu duba. Ya tashi ya je biyan kuɗi. Mai mafarkin ya waiga, ya gan shi tsaye daidai inda ya gan shi a mafarki.

Ka lura da abin da Lynch ya yi. Ya gaya maka komai tun da wuri: akwai mutum, yana bayan gini, fuskarsa abin tsoro ce, kuma can za mu. Ya zubar da makamin da kowane darakta ke taƙama da shi, wato bazata. Babu duhu, babu ruwan sama. Kyamarar ma a lokacin hirar ba a kafe take ba, tana ɗan lilo sama da ƙasa kamar abin da ke kan ruwa, kaɗan ƙwarai, yadda cikinka zai ji kafin idonka ya gani. Suka fita, suka gangara matakala, suna tunkarar ƙarshen wani bango. Hayaniyar titi ta fara janyewa, wani ƙugi ya maye gurbinta. Sannan fuskar ta zamo daga bayan bangon, baƙa ƙirin da dauɗa, gashi a cukurkuɗe, na ɗan lokaci ƙanƙane. Mutumin ya yanke jiki ya faɗi, sautin duniya ya toshe kamar an danna kanka cikin randa. (Mace ce ma ta fito a wannan siffar, sunanta Bonnie Aarons.)

Na taɓa gwada wani abu da wasu matasa da nake koya wa aiki. Na nuna wa rabinsu fitowar babu sauti, suka ce ai wani mahaukaci ne ya leƙo. Na nuna wa sauran da cikakken sauti, wata a cikinsu ta tashi ta bar ɗakin tun ba a kai bangon ba. Hoto ɗaya ne. Na kalli wannan wurin ya fi sau talatin, na san daƙiƙar da fuskar ke fitowa, amma har yau tsigar jikina na tashi tun daga matakalar.

Haka yake yi ko'ina. Blue Velvet na 1986 ya buɗe da farin shinge da jajayen furanni da dattijo na ba ciyawa ruwa, sai dattijon ya faɗi, kyamara ta nutse cikin ciyawar har ta kai ga ƙwari suna cin juna. A Lost Highway na 1997, wani mai farar fuska ya tari jarumin a wurin biki ya ce masa yanzu haka yana cikin gidansa, ya miƙa masa waya ya ce ya kira. Ya kira, muryar mutumin da ke tsaye a gabansa ta amsa daga can. Kuma duk tsawon rayuwarsa Lynch ya ƙi fassara fim ɗinsa ko ɗaya, duk nacin 'yan jarida.

Yana da nasa aibin. Dune na 1984 bai yi kyau ba, shi da kansa ya nesanta kansa da shi. Inland Empire na 2006 awa uku ne da ko masoyansa ke shan wuya kafin su kai ƙarshe. Akwai kuma wuraren cin zarafin mata a Blue Velvet da ba kowace zuciya ce za ta ɗauka ba.

Kiyoshi Kurosawa, wanda aka haifa a Kobe a 1955, ba shi da dangantaka da Akira Kurosawa mai fina-finan mayaƙan takobi, suna ne kawai ya zo ɗaya. In fargaba zalla ake magana, wani lokacin har ina ganin ya fi Lynch. A Cure na 1997, ana ta samun gawarwaki a Tokyo da tsaga iri ɗaya a wuya, amma kowane kisa mutum daban ne ya yi shi: malamin makaranta, ɗan sanda, likita. Kowannensu ya amsa laifinsa, babu wanda ya san dalili. Abin da ya haɗa su shi ne duk sun gamu da wani saurayi mai mantuwa, wanda ba ya komai sai kunna ɗan abin kunna taba, ko ya zubar da ruwa ya bar shi yana malala a ƙasa, yana tambayar mutum shi wane ne. Akwai inda ɗan sanda ya harbe abokin aikinsa a ƙofar ofishinsu da safe. Kyamara na can nesa, ba ta motsa ba, babu kiɗa, ya ɗaga bindiga kamar mai miƙa takarda. Ka gama gani kafin ka gane abin da ka gani.

A Pulse na 2001, inda matattu ke shigowa duniya ta intanet, akwai wani ɗaki da aka liƙe ƙofarsa da jan salatif. Wani saurayi ya shiga. Daga can ƙarshen ɗakin, inda ka ɗauka inuwa ce, wata mata ta fara tahowa. Ba gudu take ba, ba ta ihu, fuskarta ba jini. Tafiya take a hankali fiye da yadda mai rai ke tafiya, sai a tsakiya ta yi wani irin tuntuɓe, jikinta ya lanƙwashe kamar mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, ta miƙe ta ci gaba. Saurayin ya ɓuya a bayan kujera. Ta leƙo ta sama. Kurosawa ya gane cewa abin da ke tahowa a hankali, kana kallon sa, ba ka da inda za ka, ya fi abin da ya faɗo maka daga sama. Yana kuma barin fili a hotonsa, kusurwa mara kowa, ƙofa a buɗe a bayan mai magana, har idonka ya koma yi masa aikin neman abin tsoro.

Abin da ya sa duk da haka Lynch ya sha gabansa shi ne tausayi. Duniyar Kurosawa sanyi gare ta, mutanensa kamar an riga an kwashe musu rai. Lynch kuwa yana tsorata ka da hannu ɗaya, yana sa ka kuka da ɗayan. A Mulholland Drive ɗin nan akwai wani gidan rawa da mai gabatarwa ya fito ya ce babu makaɗa, duk abin da za ku ji naɗaɗɗe ne. Sai wata mawaƙiya ta fito ta rera waƙa da harshen Sifaniyanci har ka manta da gargaɗin, hawaye ya cika maka ido, ta faɗi sumammiya, muryar ta ci gaba ba tare da ita ba. Mutumin da ya yi wannan shi ne ya yi The Elephant Man a 1980, kan wani bawan Allah mai nakasar halitta da ake nuna shi a kasuwa kamar dabba, shi ne kuma ya yi The Straight Story a 1999, labarin tsoho da ya hau injin yankan ciyawa ya yi tafiyar makonni don ya shirya da ɗan'uwansa mara lafiya. Cikin duk waɗanda muka ambata babu mai wannan faɗin.

Akwai abin da ya sa maganar nan ta dame ni fiye da musun majalisa. Mu da muka tashi da tatsuniya a bakin kakanni ba baƙi ba ne a wannan fagen. A tatsuniya ƙwarya na magana, dodo na neman aure, babu yaron da ke tsayar da kaka ya ce ta yaya. An hana mu zama a bakin ƙofa da magariba, an hana mu zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ba a kuma taɓa nuna mana abin da ake gudu ba, shi ya sa har muka girma yana aiki a jikinmu. Amma da zarar mun ɗauki kyamara sai mu manta. A shafa wa mutum farar hoda, a sa masa jan ido, a ƙara wa dariyarsa amsa-kuwwa, a cika kunnen mai kallo da kiɗa daga farko har ƙarshe, sannan a kawo wani ya zauna ya yi bayanin komai. Na taɓa haɗa wata fitowa ta mace ita kaɗai a tsakar gida da dare, na bar ta da kukan gyare da ƙarar guga na bugun bakin rijiya ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Mai fim ɗin ya ce mutane za su ɗauka sautin ne ya lalace, ya sa aka lulluɓe ta da kiɗa. Har yau abin na yi mini ciwo, don fitowar ta mutu nan take.

Wasu sun nuna ana iyawa daga irin ƙasarmu. Apichatpong Weerasethakul na Tailan ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 2010 da Uncle Boonmee, inda mai ciwon ƙoda ke cin abincin dare da iyalinsa, matarsa da ta rasu ta bayyana a kujerar gefe, ɗansa da ya ɓace ya hawo matakala jikinsa duk gashi, idanu jajur, aka ba shi wuri aka ci gaba da hira. Mati Diop kuma, a Atlantics na 2019, ta ɗauki leburorin gini a Dakar da aka hana albashi, suka shiga jirgin ruwa zuwa Turai teku ta cinye su, sannan suka dawo a jikin 'yan matan unguwa, idanu fari fat, suka zauna a falon mai kamfanin cikin dare suna neman haƙƙinsu. Ba ta buƙaci dodo ba.

Batun inda za ka fara, sai na yi maka gargaɗi tukuna: yawancin fina-finan nan akwai tsiraici ko zubar da jini a cikinsu, ba na kallo da iyali ba ne, kuma Mulholland Drive da Blue Velvet da kusan duk na Cronenberg suna ciki. In kana son ka san Lynch ba tare da wannan ba, The Elephant Man da The Straight Story sun ishe ka, fitowar gidan abincin nan kuma ana iya kallon ta ita kaɗai. Na Buñuel ka nemi The Exterminating Angel. Kada ka fara da Eraserhead ko Inland Empire, za su kore ka tun ba ka shiga ba.

In kuwa fim ɗaya kake so na daren nan, ka ɗauki Cure. Ka bari sai gida ya yi tsit, ka ajiye waya, ka sa abin saurare a kunne biyu, kada ka kalle shi a lasifikar waya. Duk sanda ɗan sandan da ke binciken kashe-kashen ya koma gida wajen matarsa, ka kasa kunne ga injin wankin da ke ta juyawa ba kaya a ciki, ka kuma lura da wanda ke kashe shi da wanda ke sake kunnawa.